Gishirin da Aka Rubuta wa Baba a Kano

Tun da muka koma lakwal bayan hutu ba ku bar ni na huta ba. Wannan ya ce yaya Kano take, wancan ya ce da gaske ne motocinsu a hagu suke tafiya. Kun san halina, in mutum uku suka zuba mini ido sai magana ta maƙale. Don haka na ga gara in rubuta sau ɗaya, kaye ɗin, wato littafin rubutun, ya zagaya, wanda ya gama ya miƙa wa na kusa da shi. Roƙona kawai, kada a naɗe mini kusurwar shafi.

Sai na fara da abin da ya kai mu, don ba kallon gari muka je ba.

Babana, Malam Ilyasu, magini ne. A unguwarmu ta Agadas da wuya ka jingina da bangon da hannunsa bai taɓa ba. Shekara uku ke nan hannunsa na dama ya fara rawa in yana zaune, takunsa ya gajarce, fuskarsa ta daskare kamar mai fushi alhali ba fushin yake ba. Wannan duk mutane sun karɓa, sun ce tsufa ne. Abu biyu ne suka ɓata al'amarin. Na farko barci: tun kafin rawar hannu yake faɗa cikin barcinsa, da tsawa da naushi, har a kwanakin baya Inna ta koma kwana ɗakin ƙannena. Na biyu faɗuwa. Sai ya miƙe tsaye, ya ce duhu ya rufe masa ido, ya zube.

A unguwarmu akwai ciyayya. Bayan magariba magidanta biyar ke fito da akusansu ƙofar gidanmu, a gama da na wannan a jawo na wancan. Sun fi shekara talatin a haka. Wata rana an gama ci, liman ya zo wucewa, Baba ya zabura don ya gaishe shi, ya faɗi a kan tabarma, ƙafarsa ta ɗan harba sau biyu. Wani ya ce farfaɗiya ce. Kun san abin da ake cewa game da ita: wai a miyau ake ɗauka.

Ba wanda ya ce masa uffan. Sai dai amininsa, Baba Ibra mai fataucin albasar Tabelot, ya fara zuwa yana cewa ya riga ya taɓa wani abu a gida. Daga nan sai a cinye akushi huɗu, namu ya koma ciki yadda ya fito, ban da gefen da Baba ya ci. Bayan kwana goma ya ce wa Inna a daina fitarwa. Ya koma ci a zaure shi kaɗai, yana jin hirarsu ta bayan ƙyaure.

Mun je gidan likita na garinmu. Majo, wato babban mai ba da magani, ya zaunar da shi ya auna tansiyo, ya ce jininsa lafiya lau, sai dai a kai shi wurin lokotoro a babban gari. Baba ya zaɓi Kano, don yana da mai masauki a can tun zamanin da yake bin ayarin kawunsa. Yayyena biyu suna bakin aiki, ni ke hutu, sai tafiya ta faɗo kaina.

Akwai abin da ba wanda ya sani a gida. Tun ranar da ya faɗi gaban liman na buɗe kaye. Duk faɗuwa sai na rubuta ranar da lokacin, abin da ya ci, da abin da yake yi kafin ta zo. Duk daren da ya yi faɗa na rubuta. Ko da nake lakwal, ƙanwata na riƙe mini a ka, in na zo ta faɗa mini. Da Faransanci na rubuta, don kada wani a gidan ya karanta.

Mun tashi da damina a kamyon wani shufer, Mati, mutumin Damagaram, mai ɗaukar dabino da fatu. Ni a sama kan kaya, Baba a gaba. Mati bai iya shiru ba. Tun a tasha ya ga kaye a hannuna ya sa mini suna Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal. Da ya ga hannun Baba na rawa a kan gwiwa sai ya ce, “Baba, ciwonku ɗaya da kamyona. In ya tsaya rawa yake, in ya kama aiki sai ya natsu.”

Na ji tsoro Baba zai ji zafi. Sai ya ce, “Naka ana canza masa ƙarfe. Nawa wa ke sayarwa?”

Na rubuta maganar Mati, don gaskiya ce: in Baba ya miƙa hannu zai ɗauki abu, rawar raguwa take.

Bayan Adarbisanat muka iske ruwa ya kwanta a hanya, ƙafar baya ta nutse cikin laka. Kowa ya sauka. Aka tura, aka yi haƙa, kamyo sai ƙara nutsewa yake. Baba na zaune a gindin wata ƙaya yana kallo, har ya kasa haƙuri. Ya ce a daina zuba rassan a tsaye, a jera su a gicciye kamar azara, manya a ƙasa, ƙanana a kai, a cusa tsakuwa. Muryarsa yanzu ba ta fita sosai, ni na riƙa maimaitawa da ƙarfi, abin da ban taɓa yi ba gaban taro. Kamyo ya fita a turawa ta biyu. Mati ya zo ya durƙusa da laka har gwiwa ya ce, “Sarkin magina, a yafe mini maganar ɗazu.”

A wannan turawar ce jakarmu ta faɗo, ƙwarya ɗaya cikin biyu ta fashe. Inna ta ba mu biyu ne bisa umarnin Baba, don shi ma ya fara yarda cewa ana ɗauka. Da muka isa Tanut na dama mana fura da cuku da dabino a wadda ta rage. Ya ce, “Sha tukuna, in sha saura.” Na ce ba ya yiwuwa ɗa ya sha kafin uba. Ya ce, “Ba shawara na nema ba.” Haka muka yi har Kano, ni in fara, shi ya ƙarasa. Ban taɓa shan fura mai wuyar haɗiya irin wannan ba.

Kwana uku muka yi kafin Damagaram. Muka sauka gidan baƙi a Zango, ɗaki ɗaya mu takwas. Na so mu kwana a waje, ruwa ya hana. Gab da asuba na ji muryar Baba, ba ƙaramar nan ta rana ba, tsohuwar muryarsa ta kan gini: “Riƙe azara! Kauce!” Kafin in miƙe ya kai wa na kusa da shi naushi. Mutumin, wani bafatake mai goro, ya tashi yana kiran ɓarawo. Aka kunna fitila aka iske ba ɓarawo, sai tsoho zaune yana duban hannunsa.

Baba ya ba shi haƙuri. Ya ce mafarki ya yi bango zai faɗo wa wani lebura, shi ne ya ture shi.

Mai goro ya riƙe muƙamuƙi ya ce, “To Allah ya saka da alheri, ka cece ni. Amma haƙorina motsi yake.” Ya juyo wurina. “Samari, in haka tsohonka ke barci, yaya yake in ya farka da fushi?”

Aka yi dariya, Baba ma ya yi ƙoƙari. Amma da gari ya waye na ga mutumin ya janye butarsa daga kusa da tamu, yana faɗa wa wani a hankali cewa wannan aikin iskoki ne. Daga ranar na riƙa kwanciya tsakanin Baba da mutane, da jaka a tsakaninmu.

Bayan kwana uku a Damagaram muka shiga wata mota ta Matamaye. A iyaka, wajenmu, akwai rumfar duwan, wato kwastan, da sabuwar tutarmu a kan sanda, ruwan goro da fari da kore. Na tsaya na dube ta da kyau, don ban taɓa ganin inda ƙasarmu ta ƙare ba. Aka karɓi takardun kowa aka ce mu jira. Rana ta take. Muka sayi dambu muka ci, Baba ya zauna a ƙasa ya jingina da buhu wajen awa biyu. Sai jandarma ya kira sunansa. Baba mutumin da ne, in hukuma ta kira ba ya jinkiri. Ya zabura, ya yi taku biyu, ya zube.

Mutane suka dare. Wata mata ta ja ɗanta baya, wani ya ce kada a taɓa shi. Na durƙusa na miƙar da shi a ƙasa, don na lura in ya kwanta shimfiɗe nan da nan yake dawowa. Kafin in ƙirga ashirin ya buɗe ido ya ce, “Hamidu, hulata.” Jandarman ya miƙo takardunmu da ƴan yatsu biyu, daga nesa. Da muka koma mota na rubuta: faɗuwa ta goma sha ɗaya, da rana, bayan ci, bayan dogon zama, miƙewa da sauri.

Batun hagu gaskiya ne. Muna wuce rumfar ƴan sandan Najeriya, masu gajeren wando da doguwar safa, sai shufer ya koma ɗaya gefen hanya kamar ba komai. Wata tsohuwa ta kama salati. Baba ya ce, “Ƙasa ɗaya, gero ɗaya, harshe ɗaya, amma an raba mana hannu.”

Mun bi ta Daura muka isa Kano da la'asar. Mai masaukinmu, Alhaji Ɗanladi, tsohon dillalin fatu ne a Fagge, gidan da mutanen Agadas suka saba sauka. Ya rungume Baba yana cewa, “Ilyasu, ashe kana nan! Ka bar gari da baƙin gemu ka dawo mini da auduga.” Aka kawo tuwo da miya ja, ta manja, ya ce bisimilla. Baba ya ce yana da sharaɗin magani, sai dai a zuba masa daban. Na ga fuskar Alhaji ta canza, amma ya sa aka zuba.

Ga abin da na gani a Kano, ga masu tambaya. Kekuna sun fi jakunan garinmu yawa, kuma ba sa jiran kowa. Hausarsu tamu ce, sai dai inda muke sa Faransanci su Ingilishi suke sawa: lakwal makaranta ce ko sukul, gidan likita asibiti, lokotoro kuma shi suke kira likita. Shayinsu ya fi komai ba ni mamaki. A gida sai an zauna, an hura gawayi, an sha na fari mai ɗaci, na biyu, na uku, hira ta ƙare tare da shi. A can mutum ke tsayawa gaban tebur, a cika masa babban kofi da madara da sukari, ya tsoma burodi, ya shanye ya wuce. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ce wannan kunu ne.

Shi gine-gine yake kallo. Duk bangon da muka wuce sai ya shafa. Ya yaba zanen da suke yi a ƙofar gida, ya ce a nan sun fi mu. Amma da ya ga ana kwaɓa ƙasa ana ɗora ta ranar, sai ya girgiza kai ya ce ƙasar da ba ta kwana ba ba ta riƙe amana. Rufin kwano kuwa, cewa ya yi mutum ya sayi zafi ya ɗora wa kansa.

Asibiti sai da muka yi kwana uku muna zuwa kafin layi ya kawo kanmu. Lokotoron Bayarabe ne, ba tsoho ba, a Kano ya tashi, Hausa a bakinsa kamar Alhaji. Muna shiga Baba ya nemi zama a ƙasa, sai da aka matsa masa ya hau kujera.

“Baba, yaya jiki?”

“Da sauƙi.”

“Barci fa?”

“Alhamdu lillahi.”

“Kana faɗuwa?”

“Wa bai taɓa tuntuɓe ba, ranka ya daɗe?”

Kun san haka ake amsawa. Ko mutum na kan gargara, da sauƙi zai ce, kada ya zama mai ƙorafi ga Ubangiji. Kuma ɗa ba ya ƙaryata ubansa gaban baƙo. Lokotoro ya lanƙwasa hannun Baba ya miƙe shi, ya sa shi ya yi taku daga tebur zuwa ƙofa. Baba ya tashi a hankali yana dafa tebur, ga shi bai ci komai ba tun safe, bai faɗi ba. Aka auna tansiyo yana zaune, lafiya lau, daidai da na majo. Lokotoro ya ce wannan ciwon rawar jiki ne da ke kama wasu manya, akwai ƙwayar da ke rage shi. Ya fara rubutu. Malamin asibiti ya riga ya kama ƙofa zai kira na gaba.

Na ga kwana bakwai na hanya za su tafi a banza, mu koma da ƙwayar rawar hannu, akushi kuma ya ci gaba da zama a zaure. Sai na ciro kaye na ɗora a kan tebur. Dama shirina ke nan tun daga gida: ya karanta da kansa, ni ban ce komai ba, Baba bai ji komai ba.

Ya buɗe, ya juya shafi biyu. “Wannan Faransanci ne?”

Na ce e.

“Ba na ji. Karanta mini da Hausa.”

Wata bakwai ina shiri, ban taɓa tuna cewa lokotoron Kano ba ya jin Faransanci ba. Baba ya juyo yana dubana. Na ɗauki kaye na fara.

Na karanta faɗuwa goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Shida da safe, yana saukowa daga gado. Uku bayan ya ci ya ƙoshi. Biyu cikin zafin rana. Babu ko ɗaya yana zaune ko yana kwance. Na karanta dararen: tsawa, naushi, faɗowa daga gado sau biyu, fita fitsari sau huɗu ko biyar. Na karanta abin da na ja wa layi a ƙasa, cewa safiyar da ta biyo daren da ya fi yawan tashi ita ce jiri ya fi kama shi. Sai na iso wani layi na tsaya.

Lokotoro ya ce, “Ci gaba.”

Na karanta: daren Alhamis, ya bugi Inna a ido cikin barci, ya kumbura kwana biyar.

Baba ya ce, a hankali, “Ta ce mini ƙofa ce.”

Lokotoro ya ajiye alƙalami, ya ce wa malamin ya rufe ƙofa. Ya tambaye ni ko kumfa na fita a baki, na ce ko sau ɗaya. Ko yana cizon harshe, na ce a'a. In ya farfaɗo, yana daɗewa bai gane mutane ba? Na ce hularsa yake fara tambaya. Cikin barcin fa, yana tashi ya yi tafiya? Na ce a'a, a kwance yake faɗan, ido rufe, in an tashe shi kuma ya ba da labarin mafarkin tsaf.

Ya sa Baba ya kwanta a gadon awo minti goma, ya auna: ɗari da hamsin, wanda a wajenmu za a ce goma sha biyar. Ya ce ya miƙe, ni in riƙe shi ta baya. Ya sake aunawa: tamanin. Baba ya fara sulalewa a hannuna, muka kwantar da shi.

Bayanin da ya yi shi ne wannan, yadda na rubuta shi a ranar. In mai lafiya ya miƙe, jijiyoyinsa kan matse da kansu don jini ya isa kai. Na Baba sun yi sanyin aiki, sai jinin ya gangara ƙafa, ido ya yi duhu. In ya kwanta jinin ya koma, shi ya sa yake farfaɗowa nan take. Kuma kwanciya shimfiɗe dukan dare na sa jiki ya zubar da ruwa ta fitsari, sai a wayi gari jinin ya ƙara yin kaɗan. Wato dare ke shirya faɗuwar safe. Game da faɗan barci ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, littattafansa ba su ce komai a kai ba. Amma ya taɓa ganin tsofaffi biyu masu rawar jiki da jiri waɗanda matansu suka kawo irin wannan ƙara, kuma yana zaton rawar da jirin da faɗan duk daga tushe ɗaya suke, a cikin ƙwaƙwalwa. Ya ce ba warkewa ake yi ba, lallaɓawa ake.

Baba bai tambayi warkewa ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ana ɗauka a akushi?”

Lokotoro bai gane ba, na ba shi labarin ciyayya. Ya ce, “Baba, wannan ba farfaɗiya ba ce. Ita farfaɗiyar ma ba a ɗaukar ta a akushi, ko a miyau. Ci da wanda ka ga dama.”

Ya rage ƙwayar da ya fara rubutawa, ya ce da yawa tana iya ƙara jiri. Sauran maganin ba na kanti ba ne. A ɗaga kan gado ya fi ƙafa tudu. A kawar da duk abin da zai iya buga a kusa. Ya riƙa ci kaɗan-kaɗan. A naɗe ƙafafu da tsumma daga idon sawu zuwa gwiwa. In zai tashi ya zauna tukuna ya ƙirga talatin. Ya sha ruwa da yawa, kuma a ƙara masa gishiri a abinci.

Baba ya ce, “Gishiri?”

“Gishiri.”

“Ayarin gishirin Bilma a ƙofar gidana yake wucewa. Kwana bakwai na yi a hanya.”

Lokotoro ya yi dariya har ya cire tabarau. Da za mu fita ya riƙe kaye ɗin ya ce mini, “Wa ya koya maka wannan?” Na ce ba kowa. Ya ce, “Ni minti biyar nake ganin mutum. Kai ka gan shi wata bakwai. Kada ka daina.” Ya rubuta mini adireshinsa, ya ce in riƙa aiko masa da abin da na gani, da Hausa. Na san yabon kai jahilci ne, amma kun ce in faɗi duk abin da ya faru.

Duk yinin Baba bai yi mini magana ba. Na ɗauka na gama yawo. Da magariba, muna zaune a soron Alhaji, ya ce, “Tun yaushe kake rubutawa?”

Na ce tun ranar liman.

Sai ya ce, “Maginin da ba ya duba tsagar bango kullum ba magini ba ne. Amma ta uwarka da ka tsallake.”

Na ce, “Baba, a kanta lokotoro ya ajiye alƙalami.”

Da aka kawo tuwo akushi biyu, sai Baba ya ture ɗaya ya ba Alhaji labari duka. Alhaji ya ce, “Don wannan ka ƙi cin abincina kwana huɗu? Na zaci miyar gidana ka raina. Matso nan, tsohon banza.” Baba ya dube ni ya ce, “Kai ma wanke hannu.” Ranar na fara sa hannu a akushi ɗaya da ubana.

Kafin mu taso ya sa na raka shi kasuwa, ya zaɓi atamfa shuɗiya da kansa. Da muka isa gida ya ajiye ta a kan gadon Inna bai ce komai ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Dawowa ba ta da labari sosai. Ya raba tsohon rawaninsa biyu ya riƙa naɗe ƙafa da shi. Ƙirga talatin ya ce ba zai yi ba kamar ɗan lakwal, sai ya mai da shi jan carbi, talatin da uku, sannan ya miƙe. A iyaka jandarma ya kira sunansa sau uku yana zaune yana ja. Sau ɗaya jiri ya kama shi a Tanut, ya zauna da kansa kafin ya kai ƙasa.

A gida ya sa aka kwaɓa ƙasa, ta kwana uku. Ya zauna a kujera yana ba yayyena umarni, suka gina masa gadon ƙasa mai gangara, kai ya fi ƙafa da taki ɗaya, gajere, nesa da bango. Gefen kuwa da hannunsa ya shafe shi. Shi ne gininsa na farko cikin shekara biyu.

Saura ciyayya. Lokotoro ya ba mu takarda mai hatimi, sai dai da Ingilishi take, kuma duk unguwarmu ba mai karanta ta, har ni. Daren Juma'a Baba ya ce wa Inna a fitar da akushi, ya ce mini in biyo shi da kaye. Dattawan huɗu suka yi masa barka da zuwa, aka tambayi hanya, aka tambayi Kano. Aka ci akushi na farko, na biyu. Baba ya jawo namu tsakiya ya buɗe. Hannuwa suka tsaya.

Ya ce, “Hamidu zai yi magana.”

Yaro ba ya magana a ciyayya, balle ni. Na durƙusa a bakin tabarma na karanta musu faɗuwa goma sha ɗaya, na faɗi awon kwance da na tsaye, na faɗi abin da lokotoro ya ce game da akushi. Layin Inna na tsallake shi.

Baba Ibra ya ce, “Lokotoro a Kano yake. In an ɗauka, ba shi zai faɗi a kasuwa ba.”

Na ce, “Baba Ibra, daga Tanut zuwa Kano ƙwarya ɗaya muka sha. Daga Kano zuwa nan akushi ɗaya muka ci, kwana tara.”

“Kai da shi?”

“Ni da shi.”

Ya dube ni daga sama har ƙasa, kamar buhun albasar da yake shakkar cikinsa. Ya dubi Baba, wanda ke zaune da hannu na rawa a kan gwiwa, bai roƙi kowa ba. Sai ya jawo ƙwaryar wanke hannu. Ya gutsuri tuwo, ya tsoma a miya, ya kai baki, ya yamutsa fuska.

“Ilyasu, kantun gishiri guda aka jefa a miyar nan?”

Baba ya ce, “Umarnin lokotoro ne. In ba ka iyawa, ga na Malam Sidi can, lami.”

Baba Ibra ya juya akushin, ya mai da gefen naman wajen hannun Baba na hagu, wanda ba ya rawa sosai, ya sake gutsura. “Kawo ruwa, Hamidu,” ya ce. “Da yawa.”

Na shiga na kawo. Da na koma da akushin ciki, Inna ta karɓa, ta karkata shi wajen fitila ta duba. An side shi har gindi.